Ina Turawan Mulkin Mallaka Suke Kai Ofiyom ɗin da Suka Kama a Hannun 'Yan Fasa-ƙwauri?

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto yana cewa yakan ga hukumar NDLEA ta tara miyagun ƙwayoyin da ta kama ta cinna musu wuta a bainar jama'a, kuma ya ji cewa a zamanin mulkin mallaka an sha kama ofiyom na fasa-ƙwauri a ƙasashen Asiya. Yana so ya sani ko Turawan ma ƙonawa suke yi, idan kuwa ba haka ba ne, ina kayan suke zuwa bayan an gama shari'a.

Amsa: A mafi yawan wurare, kuma a mafi tsawon zamanin, ba ƙonawa suke yi ba. Abin da ya lalace ko aka cakuɗa shi da datti har ya tashi daga aiki shi ake zubarwa, amma mai kyau yakan koma hannun gwamnati ko hannun ɗan kwangilarta, a sake sarrafa shi, a sayar wa masu shan da ɗan fasa-ƙwaurin ya yi niyyar sayar musu tun farko. Dalilin haka kuwa shi ne, a Indiya da Burma da Singafo da Hong Kong ƙarƙashin Ingila, da tsibirin Java ƙarƙashin Holan, da Indochina (Vietnam da Laos da Kambodiya na yau) ƙarƙashin Faransa, gwamnatin mulkin mallaka ita ce babbar dillaliyar ofiyom. Laifin ɗan fasa-ƙwauri a wajenta shi ne ya shiga mata kasuwa ba da izini ba, don haka abin da aka ƙwace a hannunsa haja ce da ta dawo wa mai ita.

Sai an san yadda cinikin yake kafin a gane wannan. Ofiyom wani ƙaro ne da ake samu daga ƙwallon tsiron fofi: a tsaga ƙwallon da yamma, ruwan ya fito ya daskare cikin dare, a kankare shi da safe. Daga cikinsa ake fitar da mofin da kodin, daga mofin kuma ake yin hiroyin. A 1773 Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya, a zamanin Warren Hastings, ya kankane cinikinsa a yankin Bengal, daga 1797 kuma jami'an gwamnati ne da kansu suke ba manomi lasisi da kuɗin somin-taɓi, da sharaɗin ya kawo duk abin da ya tatsa a farashin da aka yanka masa. Ana kai shi masana'antun Patna da Ghazipur a dunƙula shi, a zuba dunƙule arba'in a kowane akwati, a yi gwanjonsa a Kalkata, 'yan kasuwa su ɗauka zuwa ƙasar Sin da tsibiran gabas. Ofiyom ɗin Malwa, wanda ake nomawa a ƙasashen sarakunan gargajiya da ba sa ƙarƙashin mulkin kai tsaye, shi kuma sai ya biya kuɗin fito mai nauyi kafin ya fita ta Bombay. A wasu shekaru na ƙarni na 19 wannan ciniki kaɗai yana kawo kusan kashi ɗaya cikin bakwai na kuɗin shigar gwamnatin Indiya.

A irin wannan tsari, bambancin da ke tsakanin halastaccen ofiyom da haramtacce bai wuce takarda da hatimi ba. Manomin Bihar da ya ɓoye kaɗan daga amfanin gonarsa domin ya sayar wa wani a farashin da ya fi na gwamnati ya zama ɗan fasa-ƙwauri, haka fataken da suka tsallako da kayan Malwa ba tare da biyan fito ba, haka ma'aikacin jirgin ruwa da ya cusa ƙunshi a cikin kwal. Sau da yawa kayan da aka kama da na gwamnati gona ɗaya suka fito. Jami'in da ya buɗe buhu ya ga ofiyom mai kyau yana kallon dukiya ce mai farashi sananne, kuma ma'aikatarsa ce kaɗai doka ta yarda ta sayar da ita a ƙasar.

Dokar Ofiyom ta Indiya ta 1878 ta bayyana wannan tunani sarai. Ta ba da ikon ƙwace ofiyom ɗin da aka samu ba bisa ƙa'ida ba, tare da mazubinsa da dabbar da ta ɗauko shi da amalanken da aka loda shi, sannan ta bar wa gwamnatocin larduna su tsara ƙa'idoji a kan abu biyu da ta haɗa a wuri ɗaya: yadda za a yi da kayan da aka ƙwace, da yadda za a fitar da tukuici ga jami'ai da masu kawo rahoto daga cikin kuɗin tara da kuɗin kayan. Haɗa waɗannan biyu a sashe ɗaya ba haɗari ba ne. Masu rubuta dokar sun ɗauka tun farko cewa kayan da aka ƙwace kuɗi zai zama.

Matakan da ake bi sun ɗan bambanta daga lardi zuwa lardi, amma ginshiƙinsu ɗaya ne. Ana auna kayan a gaban shaidu, a rufe su da hatimi, a ajiye a matsayin kayan shaida har majistare ya yanke hukunci ya ba da umarnin ƙwacewa. Idan ba a san mai su ba, sai a jira wa'adi ya cika ba tare da wani ya zo ya ce nasa ne ba. Daga nan sai gwaji, wanda shi ne yake yanke makomar kayan. Likitan gwamnati ko masanin sinadarai yana duba ƙamshi da launi da laushi, yana auna yawan ruwan da ke ciki, yana kuma neman algus, domin 'yan fasa-ƙwauri kan ƙara nauyi da gari ko laka ko ƙaro ko ruwan rake da aka dafa. Yawan ruwa babban al'amari ne a wannan sana'a, tunda ofiyom ɗin da ake fitarwa waje ana daidaita shi ne a kan kusan kashi 70 cikin ɗari na tsantsar abu, wanda ake sayarwa a cikin gida kuwa ana busar da shi har ya kai kusan kashi 90. Abin da ya tsallake gwaji sai a tura shi masana'anta ko ma'ajiyar gwamnati ya shiga cikin hajar da ake raba wa kantuna masu lasisi. Wanda bai dace a sha ba amma yana da mofin a jikinsa ana iya tatse sinadarin domin magani. Wanda ba shi da amfani ta kowace fuska shi ne ake hallakawa a gaban wani jami'i, a rubuta a littafi cewa an hallaka. Ke nan wuta ita ce makoma ta ƙarshe, kuma rabon mafi ƙasƙancin kayan ce.

Batun tukuici ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya sa tsarin yake tafiya kuma shi ne ya ɓata shi. Ofiyom ba shi da girma, yana da tsada, yana shiga cikin gora ko tafin takalmi ko cikin kifi busasshe, saboda haka ba a cika kama shi da sintiri kawai ba, sai da ɗan rahoto. Ɗan rahoto kuwa ba ya magana kyauta, kuma abin da za a ba shi yana da alaƙa da nauyi da ingancin abin da aka kama. Wannan ya sa dole a ƙiyasta kuɗin kayan, wanda ya ƙiyasta kuɗin abu kuma ya biya lada a kansa da wuya ya yarda ya ƙone shi. Ya kuma buɗe ƙofar zalunci, domin an sha samun waɗanda suke jefa ɗan ƙunshi a gidan abokin gaba ko cikin kayan matafiyi sannan su kai rahoto, kamar yadda manyan 'yan fasa-ƙwauri kan sadaukar da ƙaramin kaya da ƙaramin yaro domin babban kaya ya wuce ta wata hanya. Waɗanda suka cika gidajen yari a kan wannan laifi 'yan dako ne da ma'aikatan jirgi da ƙananan masu sha, masu jarin kuwa ba safai ake ganinsu a gaban alƙali ba.

A Java da Singafo da Hong Kong al'amarin ya fi haka muni a ƙarni na 19, saboda gwamnati ba ita take sayarwa da hannunta ba. Gwanjon izinin sayarwa take yi: wanda ya fi tayi, galibi attajiri ɗan asalin Sin ko gungun attajirai, shi yake samun ikon dafa ofiyom domin ya zama na sha a lofe, da sayar da shi a wani yanki na wasu shekaru, yana biyan gwamnati haya duk wata. A Singafo wannan haya ta daɗe tana kawo kusan rabin kuɗin shigar gwamnati. Tunda ɗan kwangila ya biya maƙudan kuɗi domin ya kasance shi kaɗai a kasuwa, doka ta ɗauke shi a matsayin wanda fasa-ƙwauri ya cuta, ta ba shi damar ɗaukar 'yan leƙen asiri da masu bincike na kansa waɗanda suke shiga gidaje da jiragen ruwa. Kayan da aka kama, idan suna da kyau, shi ake miƙa wa ko a sayar masa, yana kuma da rabo a cikin tara. Daga hannunsa suke shiga tukunyar dahuwa su fito da tambarinsa.

Wannan tamkar bai wa kura ajiyar nama ne, kuma masu binciken tarihin Java sun nuna haka dalla-dalla. Gwamnatin Holan tana sayar wa ɗan kwangila ɗanyen ofiyom da tsada kuma da iyaka, alhali ana samunsa da araha a Singafo, a sauke shi a tsibirin Bali, a tsallako da shi cikin ƙananan jirage zuwa gaɓar arewacin Java, musamman wajejen Lasem da Rembang. Manyan masu sayen wannan haramtaccen kaya su ne 'yan kwangilar da kansu, domin da shi suke cike giɓin hayar da suka ɗora wa kansu a wajen gwanjo, da shi kuma suke kutsa kai cikin yankin abokin hamayya su karya masa farashi. Saboda haka mutum ɗaya yana iya zama mai shigo da kayan, mai biyan ɗan rahoton da ya tona kayan wani, kuma mai karɓar abin da kotu ta ƙwace. A shekarun 1880 gwamnati ta ɗora wa wani jami'i mai suna Charles TeMechelen yaƙi da fasa-ƙwauri a teku, aka kama kaya da yawa, amma tushen matsalar yana cikin tsarin kwangilar kansa, shi ya sa daga baya aka rushe shi.

Abin da ya maye gurbinsa shi ne gwamnati ta karɓi dahuwa da sayarwa gaba ɗaya. Holan ta fara gwada haka a tsibirin Madura a 1894, ta faɗaɗa shi zuwa dukkan Java cikin shekara goma, da masana'anta a Batavia, wato Jakarta ta yau. Faransa ta gina gidan dahuwa a Saigon tun 1881, Gwamna Paul Doumer kuma ya haɗe cinikin Indochina duka a hannun hukuma ɗaya a ƙarshen ƙarnin. Singafo ta bi sahu a 1910, Hong Kong a 1914. An gabatar da wannan sauyi a matsayin hanyar rage shaye-shaye, kuma gaskiya ne cewa ya rage wasu ɓarnar 'yan kwangila, amma ta fuskar tambayarmu abin da ya canja shi ne mai karɓar kayan. Yanzu ɗanyen ofiyom ɗin da kwastan suka kama yana tafiya ne kai tsaye zuwa masana'antar gwamnati. Hukumomin nan sun shiga zuba dafaffen ofiyom ɗinsu a cikin 'yan ƙananan bututun ƙarfe da ba a iya buɗewa a mayar, a Java har ana sa masa wata alama ta sinadari domin masanin gwamnati ya iya shaida wa kotu cewa wannan na hukuma ne, wancan kuwa ba nata ba ne. Har gugguɓin da ke saura a cikin lofe bayan an sha, wanda yake da sauran mofin kuma talakawa kan sake sha ko su haɗiya, gwamnati takan saye shi daga hannun masu sha domin kada ya zama wata kasuwa da ba ta da iko a kanta.

Misalin da ya fi fito da al'amarin fili shi ne na Hong Kong a 1927. A shekarun Yaƙin Duniya na Farko cinikin ofiyom ya kai ga kawo sama da kashi 40 cikin ɗari na kuɗin shigar wannan yanki. Bayan haka ƙasar Sin ta faɗa hannun shugabannin soja masu yaƙi da juna, waɗanda suka dawo da noman fofi domin su biya dakarunsu, sai ofiyom mai araha daga Yunnan da sauran larduna, da na Farisa, ya riƙa kwararowa ta tashoshin ruwan kudancin Sin, wato Makau, da Kwangchowan da Faransa take riƙe da ita. Na gwamnatin Hong Kong ya yi tsada ƙwarai idan aka kwatanta, cinikinta ya faɗi, ɗakunan ajiyarta suka cika da kayan da aka kama, gidajen yari kuma suka cika da masu ƙananan laifuka. Gwamna Cecil Clementi sai ya yanke shawarar ya yi gasa da 'yan fasa-ƙwauri da nasu makamin: a watan Oktoba na 1927 aka dafa ofiyom ɗin da aka ƙwace aka fito da shi kasuwa a farashin da ya yi ƙasa sosai da na da. Ciniki ya tashi nan take. Da kayan suka kusa ƙarewa ya nemi izinin sayo wani mai araha domin a ci gaba, Landan ta hana, aka dakatar da gwajin a farkon 1928. Abin lura shi ne dalilin hanawar. Ingila ta riga ta sa hannu a kan yarjejeniyoyin rage shan ofiyom, kuma wakilanta ba za su iya zama a tarukan ƙasashen duniya na Geneva su kare gwamnatin da ta karya farashi ta ninka cinikinta ba. Hujjar Clementi ita ce bai ƙara yawan masu sha ba, ya dai janye su ne daga kasuwar bayan fage. Wataƙila akwai gaskiya a cikin hakan, amma duk wanda ya sauƙaƙa farashin abin da ke kama jiki ya san cewa wanda yake sha kaɗan zai ƙara.

Domin a ga cewa akwai wata hanyar, sai a waiwayi abin da ya faru a 1839 a ƙasar da ba ta ƙarƙashin mulkin mallaka. Sin ta haramta shigo da ofiyom tun kafin ƙarni na 19, don haka duk akwatunan da aka saya a gwanjon Kalkata aka kai gaɓarta kayan fasa-ƙwauri ne a dokarta. Sarkin Sin Daoguang ya tura babban jami'insa Lin Zexu zuwa tashar ruwa ta Kanton, ya isa a watan Maris, ya tsare 'yan kasuwar waje a unguwarsu har suka miƙa sama da akwati 20,000, nauyin da ya haura tan 1,000. An fara tunanin kai kayan Beijing, sai aka ga tsadar dako da haɗarin sata da musanya a hanya, sarki ya ba da umarni a hallaka su a wurin, a idon jama'a. Lin bai zaɓi wuta ba, domin ya riga ya san cewa idan aka ƙona ofiyom da mai, wani kaso yakan narke ya shige ƙasa, mutane su zo daga baya su haƙa su tace. Abin da ya yi a Humen, a bakin kogin da ke zuwa Kanton, shi ne ya sa aka haƙa manyan ramuka uku kusa da gaɓa, aka shimfiɗe su da duwatsu da katako, aka cika da ruwa, ma'aikata kusan 500 suna farfasa dunƙulen suna zubawa, a zuba gishiri da farar ƙasa a yi ta motsawa har abin ya tafasa ya ruɓe, sannan a buɗe magudana idan ruwan teku yana janyewa. An fara ranar 3 ga Yuni, aka kwashe kwana 23 ana yi, ana caje ma'aikata kullum. Wasu Amurkawa da suka je kallo, ciki har da ɗan mishan Elijah Bridgman, sun tafi da zaton za a yi maguɗi, suka dawo suka shaida cewa aikin tsakani da Allah aka yi shi.

Amsar Ingila ita ce yaƙi. Wakilinta Charles Elliot ya karɓi akwatunan daga hannun 'yan kasuwa da sunan gwamnatinsa, da alƙawarin za a biya su, sannan ya miƙa wa Lin, ta haka kayan fasa-ƙwauri suka zama dukiyar masarauta. Yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta tilasta wa Sin biyan dalar azurfa miliyan 21, miliyan 6 daga ciki diyyar ofiyom ɗin da aka narkar a Humen ne, ta kuma ba da tsibirin Hong Kong. Ƙasar da ta yi yaƙi domin a biya ta kuɗin haramtaccen ofiyom ɗin da wani ya hallaka ba za a yi tsammanin ta hallaka wanda ya faɗo hannunta ba, kuma a tsibirin da ta samu ta wannan yaƙin ne aka yi gwajin 1927.

Adalci ne a kawo hujjojin jami'an mulkin mallaka kamar yadda suke faɗinsu. Suna cewa masu sha suna nan ko an ƙona ko ba a ƙona ba, kuma duk kilo ɗaya da aka ƙwace aka sayar ya rage kilo ɗaya da za a sayo daga Indiya ko Farisa, saboda haka ƙonawa ba ta rage sha, asarar kuɗin jama'a kawai take jawowa. Suna cewa ofiyom magani ne, kuma a wancan zamani hakan gaskiya ne, domin shi ne abin da ake da shi na kashe zafin ciwo da tsayar da gudawa. Suna kuma cewa ƙonawa ita kanta ƙofar sata ce, tunda abin da aka rubuta an ƙone ba mai sake neman lissafinsa, alhali abin da aka tura masana'anta dole a auna shi a karɓa a sa hannu. Hujja ta biyu da ta uku suna da nauyi, har yau ma duk hukumar da ke hallaka ƙwayoyi tana fama da matsalar tabbatar da cewa abin da aka ƙone shi ne abin da aka kama. Ta farko ce ba na karɓa. Ta ginu ne a kan cewa yawan masu sha abu ne tabbatacce da gwamnati ba ta da hannu a ciki, alhali gwamnatin ce take buɗe kantuna, take yanka farashi, take tsara kasafin kuɗinta a kan ribar, har ta shigar da ofiyom yankunan da ba su saba da shi ba. Hukumar da albashin ma'aikatanta ya dogara da ciniki ba za ta zama mai rage cinikin ba, kuma leburan tashar jirgi ko mai jan amalanke da yake ƙarar da rabin ladansa a kantin gwamnati bai ga wani bambanci ba don an ce kayan da yake sha an ƙwato su ne daga hannun ɓarayin hanya.

Dokokin ƙasa da ƙasa sun daɗe kafin su taɓa wannan batu. Taron Shanghai na 1909 da yarjejeniyar Hague ta 1912 sun yi magana ne a kan rage shan dafaffen ofiyom sannu a hankali, ba tare da ɗaure kowa da wa'adi ba. Yarjejeniyar Geneva ta Fabrairun 1925 tsakanin ƙasashen da ke da yankuna a Gabas Mai Nisa ta nemi a soke kwangila a mayar da cinikin hannun gwamnati, wato ta amince da tsarin da ke haɗiye kayan da aka kama. Sai a yarjejeniyar 1931 ta taƙaita sarrafa ƙwayoyi aka sa doka bayyananna, a sashe na 18, cewa abin da aka kama a haramtacciyar kasuwa a hallaka shi, ko a juya shi zuwa abin da ba ya sa maye, ko a keɓe shi domin magani da bincike a ƙarƙashin gwamnati, hiroyin kuwa dole a hallaka ta ko a juya ta. Amma wannan ya shafi ƙwayoyin da aka sarrafa ne irin su mofin da hiroyin da hodar iblis, waɗanda gwamnatocin mulkin mallaka ba sa sayarwa ga masu shaye-shaye. Ɗanyen ofiyom da dafaffe, waɗanda suke da kantunansu, ba su shiga ba. Sai a yarjejeniyar 1953 aka rubuta cewa asalin hukuncin ofiyom ɗin da aka kama shi ne hallakawa, tare da togaciya domin magani, kuma ba ta fara aiki ba sai 1963.

Kafin nan cinikin gwamnatocin ya riga ya mutu. Indiya ta daina tura ofiyom Sin a 1913, a 1926 kuma ta shelanta rage abin da take fitarwa domin sha har ya ƙare cikin shekara goma. Japan ta mamaye yankunan gabas a Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka kuma, wadda ta haramta ofiyom a Filifin tun 1908, ta matsa wa ƙawayenta lamba, har Ingila da Holan suka yi shela a watan Nuwamba na 1943 cewa ba za su sake buɗe kantunan ba idan suka karɓo yankunansu. An haramta shi a Hong Kong a 1945. Daga lokacin da gwamnati ta rasa kantin da za ta kai kayan ne hallakawa ta zama abin da aka saba, sauran kuma ya tafi masana'antar magani.

A Afirka ta Yamma ba a taɓa kafa irin wannan ciniki na gwamnati ba, domin babu kasuwar masu shan ofiyom da za ta ɗauke shi. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Najeriya ta 1935 ta zo ne domin cika alƙawuran da Ingila ta ɗauka a Hague da Geneva, saboda haka tun farko ta ɗauki ofiyom a matsayin abin da likita da mai haɗa magani kaɗai za su riƙe da izini. Indiya kuwa, bayan samun 'yanci a 1947, ta gaji masana'antar Ghazipur da tsarin ba manoma lasisi, tana cikin ƙasashe ƙalilan da aka yarda su noma ofiyom domin magani, kuma ƙa'idojinta sun ci gaba da ba da damar a tura ofiyom ɗin da aka kama zuwa masana'antun gwamnati na Ghazipur da Neemuch, inda ake fitar da mofin da kodin domin asibitoci.